In ba da RX-8 tawa in karɓi MX-5 ta hannu?

“Assalamu alaikum Mu'allim. Ni mazaunin Makka ne, wajen Shari' Mansur, amma a Jidda nake aiki, kullum ina kan hanya. Ina da Mazda RX-8 samfurin 2006 mai giyar hannu, shekara tara ke nan tana hannuna, ta yi kilomita 140,000. Allah Ya sani ina son motar nan. Sai dai tun bazarar da ta wuce, in na kashe ta da zafinta, kamar a gidan mai, sai ta daɗe tana gurnani kafin ta tashi. Ga shan fetur, ga baƙin mai da nake ƙarawa kusan duk sati biyu. Wani mai ma'arad, wato wurin sayar da motoci, a Jidda ya ce in kawo ta ya ba ni MX-5 ta 2012 mai rufin tamfol, in cika masa riyal 18,000. Akwai motar iyali a gida. Zuciyata ta rabu biyu. Me ka gani?”

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗan'uwa. Na fahimci kana tambaya ne ko lokacin rabuwa da motar ya yi, in kuma ya yi, ko a kan wannan tayin za ka sallama. Bari in fara da abin da na fi so ka riƙe: kada ka kai ta ma'arad tukuna. Har yanzu ba ka san halin da injinka yake ciki ba, shi kuwa mai ma'arad, da jin sunan RX-8 ya riga ya yi mata kuɗin mai mataccen inji. Cikon 18,000 ɗin nan a kan wannan zaton aka gina shi. Wataƙila zaton nasa gaskiya ne, wataƙila kuma ba haka ba ne, kuma awo na rabin awa ya isa ya raba gardama.

Na yi sama da shekara ashirin a warsha, wato garejin gyara, a sina'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran mota. Yawancin abin da ke shigo mana masu fistin ne, amma masu injin rota irin na RX-8 sun san ƙofata, domin ni ma na taɓa riƙe RX-7 ta wajen 1988, na yi shekaru da ita kafin in sayar. Na san irin nauyin da kake ji a ƙirjinka, ba labari aka ba ni ba.

Abin da ke cikin bonet ɗinka

Injinka ba shi da fistin, ba shi da bawul, ba shi da kan silinda. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙirƙiro tsarin, kamfanin NSU ya tayar da na gwaji a 1957, Mazda ta karɓi lasisi a 1961, ta fitar da Cosmo Sport a 1967. Manyan kamfanoni da dama sun gwada sun watsar, Mazda ce ta nace, har ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1991 da motar 787B. An yi RX-8 daga 2003 zuwa 2012, kuma ita ce mota ta ƙarshe da wannan injin yake juya tayoyinta da kansa. Wanda suka dawo da shi a MX-30 a 2023 aikinsa cajin batir ne kawai.

A ciki akwai rota biyu, kowanne ƙarfe ne mai kusurwa uku, yana kewayawa a cikin ɗaki mai siffar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu. In rota ya zaga sau ɗaya, sandar tsakiya ta juya sau uku. Shi ya sa inji mai sisi 1,308 kacal yake ba da ƙarfin doki wajen 230, yake hawa juyi 9,000 a minti ba tare da ka ji girgiza a sitiyari ba. Wannan santsin shi ne abin da ya kama zuciyarka, kuma babu inji mai fistin huɗu da zai ba ka shi.

Rauninsa kuma yana wurin da ƙarfinsa yake. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe, kaurinsa milimita 2, muna ce masa afes sil. Shi yake gogar bangon ɗakin yana tsare matsi, kamar yadda ringi yake yi a jikin fistin. Don kada ya cinye bangon, injin da kansa yake feso masa baƙin mai a ciki, man ya ƙone tare da fetur. Saboda haka ƙarin baƙin man da kake yi, ga mai tafiyar Makka da Jidda kullum, ba ciwo ba ne, haka aka gina shi. Wanda ya ce min RX-8 tasa ba ta rage mai ko kaɗan, shi ne nake jin tsoron motarsa. Taka ta 2006 tana da bututun feshi biyu a kowane rota. Daga samfurin 2009 Mazda ta ƙara na uku a tsakiya, saboda an ga tsakiyar afes sil ɗin ba ya samun isasshen mai. Shi ya sa masu irin taka da yawa suke zuba ɗan man babur mai bugu biyu a tankin fetur.

Sai zafi, wanda shi ne babban maƙiyinsa a ƙasar nan. A wannan injin wuta a gefe ɗaya take tashi kullum, ɗayan gefen yana shaƙar iska mai sanyi. Ɗakunan alminiyam ne, an matse su tsakanin farantan ƙarfe, an sa zoben roba yana tsare ruwa. Allurar zafi ta haura sau ɗaya tak da kyau, robar nan na iya ƙonewa, daga nan sai sauke inji. Na taɓa karɓar wata da ta ƙone a hawan Hada, hanyar dutsen da ke zuwa Ɗa'if, a watan Agusta, dalilin kuwa wata warsha ce ta kwance ledar da ke ƙarƙashin gaban motar ba ta mayar ba, iska ta riƙa bi ta ƙasa tana kauce wa lagireto. Abu ƙarami ya ci inji sukutum.

Gurnanin da take yi da zafi

Ba zan ɓoye maka ba, ƙin tashi da zafi ita ce alamar da aka fi sanin raunin matsi da ita. In ƙarfe ya yi zafi ɗakin yana ɗan buɗewa, man ya tsinke, afes sil ɗin da ya riga ya cinye ya kasa riƙe iska a saurin da kik yake juya injin. Da sanyin safiya ta tashi da bugu ɗaya, a gidan mai ta ba ka kunya. A kilomita 140,000, in ba a taɓa buɗe injin ba, wannan zaton yana da ƙarfi.

Amma akwai masu kwaikwayon wannan ciwon, kuma duk sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Motarka tana da fulogi huɗu, biyu a kowane rota, da kwayil huɗu, kuma kwayil ɗin RX-8 ba sa daɗewa. Ni nakan canza su da fulogi da wayoyinsu a wajen kilomita 50,000 ko ba su nuna alama ba. Kik ɗin samfuran farko ma sanyi gare shi, daga baya Mazda ta fitar da mai sauri. Batir kuwa, kai ma ka san zafin Makka ba ya barin sa ya wuce shekara biyu da ƙarfinsa. In kwayil ya raunana, ɗanyen fetur yana zubowa cikin tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, ta toshe, zafi ya koma wa injin. Ka ga yadda sakaci da abin ɗaruruwan riyal yake jawo asarar dubbai.

Wani bawan Allah daga Madina ya taɓa sayar da tasa cikin fushi, da araha, bayan ta ƙi tashi da shi sau biyu a gaban surukansa. Wanda ya saya ya kawo min. Na auna matsi na same shi lafiya, kwayil biyu ne suka mutu, kik ya gaji. Kafin La'asar motar ta fita tana tashi da bugu ɗaya. Har yau in na tuna mai ita na farko sai in ji ba daɗi.

To ga abin da za ka yi. Ka nemi warshar da ke da na'urar awon matsi ta wannan injin musamman. Agogon da ake auna masu fistin da shi lamba ɗaya yake riƙewa, mafi girma, sai ya ɓoye maka fuskar da ta lalace. Kai lamba shida kake buƙata, uku a kowane rota, ɗaya ga kowace fuskarsa, da kuma saurin da kik ya juya a lokacin awon. A auna da zafin inji, da cikakken batir, a daidaita lissafin a kan juyi 250 a minti. Littafin gyaran Mazda ya sa 8.5 a ma'aunin kilo a matsayin daidai, 6.9 kuma mafi ƙarancin abin da ake karɓa. Ka yi awon a Jidda, a bakin teku. In ka yi a Ɗa'if, tsayin wurin zai rage maka lambar, ka tsorata a banza.

In lambobin sun tashi bakwai da rabi ko sama, kuma sun yi kusa da juna, injinka yana da sauran rai, ka gyara wuta da kik ka ci gaba da hawa, ko ka sayar da takardar awon a hannu da kuɗi mai daraja. In sun faɗo ƙasa da bakwai, to taudib, wato buɗe inji a sake haɗa shi, na gabanka, ko bana ko baɗi. Taudib ɗin wannan injin kuwa ba irin na Camry ba ne da za a gama maka cikin sati. Yawancin kayan sai an yi odarsu daga Japan, Amurka ko Dubai, in aka buɗe aka tarar bangon ɗakin ya kwaile sai an sayi sabo, kuma masu hannun haɗa shi daidai ƙalilan ne. Injin tashlih, wato wurin da ake wargaza matattun motoci, ko na Bariman ko na Ha'ir a Riyad, ban ba ka shawararsa ba sai an auna a gabanka, domin mafi yawansu ciwon da ya kwantar da naka ne ya kai su can.

Lissafin fetur ba shi ne hujja ba

Na san shan fetur yana damunka, musamman wanda ya ga zamanin da litar 95 take halala 60, kafin ƙarin ƙarshen 2015 da na 2018, har aka tsayar da ita a riyal 2.33 a Yulin 2021. Amma mu ɗauki alƙalami. A awon hukuma na Amurka, RX-8 mai giyar hannu tana shan kusan lita 10.7 a kilomita 100 na babbar hanya, MX-5 ta wannan zamanin kuma kusan 8.4. Zuwa Jidda da komowa wajen kilomita 160 ne, in ka yi kwana 22 a wata ka yi kusan 3,500. Bambancin kusan lita 80 ne, wato ƙasa da riyal 200 a wata, tunda ita ma MX-5 ɗin 95 take so. Kafin wannan rarar ta biya maka cikon 18,000 sai ka yi kusan shekara takwas. Abin da kake saya da cikon shi ne kwanciyar hankali, ka murɗa makulli ba tare da gabanka ya faɗi ba. Wannan abu ne mai daraja, ka dai san shi kake biya.

Motar da za ka karɓa

MX-5 ta fara fitowa a bajekolin motoci na Cikago a 1989, kuma a 2016 aka cika miliyan ɗaya da ƙerawa. Ta 2012 tana cikin zubi na uku, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2015, kuma akwai abin da zai faranta maka: 'yar'uwar motarka ce ta jini, a kan tsarin shasin RX-8 aka gina ta, aka gajarta. Inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, nauyi ya rabu kusan daidai. Da ka kama sitiyarin za ka gane dangantakar. Injin sisi 2,000 ne mai fistin huɗu da sarƙa, dangin wanda ke cikin Mazda 3 da Mazda 6 na lokacin, kowane bakanike a sina'iyya ya san shi. Ƙarfinsa doki 160 zuwa 170, motar kuma ta fi taka sauƙin nauyi da sama da kilo 200. Japanawa suna kiran manufar ƙirarta jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa ganin mahayi ya ja linzami a gaban sarki ranar hawan Sallah ya san abin da suke nufi.

Sai dai kada ka shiga cikinta kana neman RX-8. A wajen juyi 7,000 ta gama magana, daidai inda taka take fara waƙarta. Na ga mutum biyu da suka yi irin wannan musayar. Ɗaya ya karɓe ta a yadda take, yana hawa Hada da asuba ranar Juma'a da rufi a buɗe, ya ce bai taɓa jin daɗin tuƙi haka ba. Ɗayan wata huɗu ya yi ya sa ta a Haraj, dandalin tallan kaya na intanet, domin kunnensa ya ƙi mantawa.

Kuma ka yi tunanin hanyar da kake bi kullum. Tsakanin tayoyin gaba da na baya a RX-8 milimita 2,700 ne, a MX-5 kuwa 2,330. A lanƙwasar dutse wannan gajartar ni'ima ce, amma a miƙaƙƙen titin Makka zuwa Jidda, tsakanin manyan bas na masu Umra da GMC da tireloli, za ka ji ta ƙarama, iska na taɓa ta, ƙarar hanya na shigowa. Kujera biyu ce tak, ko jaka babu inda za ka jefa a baya, but ɗin lita 150 ne. Ka ce akwai motar iyali, madalla. Duk da haka ka tuna sau nawa ka buɗe ƙananan ƙofofin bayan nan na RX-8 ka ɗauki yaro daga makaranta ko baƙo daga Najeriya da ya sauka a filin jirgi.

Inda na fi tsayawa shi ne rufin. Mai tamfol ban yarda da ita ba ga wanda zai yi tafiyar kilomita 160 kullum a ƙasar Hijaz. Rana tana cin tamfol da zaren ɗinkinsa, zafi yana ratso shi ya sauka a kanka, mukayyif, na'urar sanyaya mota, ya yi ta fama. Buɗe rufi da rana a Jidda sai daga Disamba zuwa Fabrairu, sauran shekara sai dare a Kurnish ko in ka hau Ɗa'if da Shafa. Tun 2006 wannan zubin yana da mai rufin ƙarfi da ke naɗe kansa cikin daƙiƙa 12, ƙarin nauyinsa bai kai kilo 40 ba, kuma bai taɓa but ba. Ita za ka nema, ko da za ka jira wata biyu ko uku. In aljihu ya kai, mai rufin ƙarfi na zubi na huɗu, mai suna RF, ma yana nan, ka fi karkata ga na 2019 zuwa sama mai doki 180 da ɗoriya, domin giyar hannu ta na farko-farkon ta ba wasu matsala.

In ka samu wadda ta kwanta maka, ka fara duba robar ajiye ruwan lagireto. A wannan zubin takan tsufa ta tsage a wuya, ruwa ya zube, inji ya ƙone. In ta yi rawaya ka canza ta ranar da ka saya. Ka buɗe rufin ka rufe sau biyar a jere kana saurare. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa da bayan kujeru ka shinshina, saboda magudanan rufin sukan toshe da ƙura, ruwa ya kwanta a ciki, kuma kai shaida ne kan irin ambaliyar da Jidda ta gani a 2009, 2011 da 2022. Da yawan waɗanda suka biyo ta hannuna shigowar Amurka ne, don haka ka ciro rahoton Mojaz mai nuna tarihin mota a Saudiyya, ka kuma bi lambar shasi ka ga tarihinta a can. A ɗaga ta a warshar da kai ka zaɓa, ba wadda mai sayarwa ya nuna ba.

Yadda za ka rabu da ita

Ko da ka yanke shawarar rabuwa, ka raba cinikin biyu. Musaya kai tsaye tana haɗa farashi biyu a lamba ɗaya, ba za ka san nawa aka yi wa taka ba, nawa aka ɗora wa tasa. Mai ma'arad ba ya son RX-8, zai tura ta ne gaba da sauri. Amma akwai matasa a Jidda da Riyad da Dammam da suke neman ta ido rufe, musamman mai giyar hannu da ba a yi wa kwaskwarima ba, wadda ta yi shekara tara a hannu ɗaya. Su za ka kai wa. Ka sa hoton takardar awon a cikin tallan, ka rubuta maganar tashi da zafi ƙarara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu. A wannan kasuwar ma, masu sanin motar sun fi sakin kuɗi ga wanda ya nuna lambobi a kan wanda ya ce “inji sharaɗi” kawai.

Takardu kuma ka san su: fahas, wato takardar duba lafiyar mota, da istimara, wato rajistarta, su kasance da rai, a biya mukhalafa, wato tarar hanya, a yi inshora, a canza suna ta manhajar Absher ta gwamnati. Kada makulli ya bar hannunka kafin sunan ya koma, in ba haka ba duk laifin da kyamarar hanya ta Sahir ta ɗauka kai zai zo wa.

Daga nan inda nake zaune ban ji ƙarar injinka ba, ban ga launin fuloginka ba, don haka hukuncina ya tsaya ne a kan abin da ka rubuto. A kansa, ga ra'ayina. In awo ya fito da kyau, ni da kaina ba zan sayar ba. Doguwar tafiyar da kake yi kullum ita ce irin rayuwar da wannan injin yake so, ya yi zafi sosai, ya hau juyi, ya ƙone dattinsa, kuma ba a ƙara ƙera irinta ba. In ya fito da rauni, kuma ba ka da halin ajiye mota wata biyu ko uku tana jiran kaya, ka sayar wa mai sonta da gaskiya, ka nemi MX-5 mai rufin ƙarfi, ka ce wa mai ma'arad albarka. Ranar da na miƙa makullin RX-7 tawa na bi ta da kallo har ta sha kwana, kuma na daɗe ina waiwayowa duk sanda na ji irin ƙararta a titi. Kai ma za ka ji haka, kada ka ɗauke shi alamar ka yi kuskure.

Ka je ka yi awon a satin nan, kafin nan kada ka kashe ta da sanyinta, ka bar ta ta ɗumama tukuna don kada fetur ya shaƙe ta. In ka samu lambobin shida da saurin kik ɗin, ka turo min su tare da hoton fulogi huɗun, in faɗa maka abin da na gani. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.